Hasken ya faɗi a faranti: HDAC ne ya tsaya ko wani abu daban?

'Yar Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman wanda ya taɓa yin gwajin HDAC na ƙyalli, wanda ake karantawa a faranti mai gurbi 96. Aikin digirina na biyu ne. Ina duba ko tsirran da masu maganin gargajiya ke sayarwa a nan Agege da Mile 12 suna iya hana wannan enzayim aiki. Na tatso bagaruwa, marke, sabara da zoɓo. Sakamako ya fito jiya, hasken ya faɗi a dukansu, na bagaruwa ma ya kusa kamo gurbin shaida da na sa tirikostatin A, sanannen sinadarin da ke hana HDAC aiki. Malamina ya ce in fara rubutu. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, a ce duk abin da na taɓa ya yi aiki?

Mai Unguwa:
Wa alaikumus salam. Malam Na-Yaba, Hajiya Mai Lab, ga naku ya zo.

Alhaji Mai Canji:
Kafin malamai su tafi su bar mu a tasha, a yi wa Allah a faɗa mana mene ne HDAC. Bagaruwa dai na san ta, sauran ban ji komai ba.

Malam Na-Yaba:
Alhaji ba wuya. Kusan kowane sel na jikinka yana ɗauke da DNA wanda in aka warware shi zai kai wajen mita 2, cibiyar da aka cusa shi ciki kuwa ido ba ya ganinta. Sai aka naɗe shi a jikin wasu ƙananan furotin da ake kira histon, kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a kwarkwaro. Histon 8 ke haɗuwa su zama dunƙule ɗaya, bibbiyu daga H2A, H2B, H3 da H4, sai DNA mai tsawon harufa 147 ya zagaye su sau ɗaya da ɗoriya, bai cika biyu ba.

Inda naɗin ya matse, ƙwayoyin gadon da ke wurin ba sa karantuwa, sai su yi shiru. Inda ya saki, a karanta su. Kowane histon yana da jela da ta leƙo waje, a jikinta akwai laisin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da ake gina furotin da su, mai cajin fozitif, DNA kuma negetif ne, shi ya sa suke riƙe juna gam. Enzayim ɗin da ake kira HAT shi ke liƙa wani ɗan guntun sinadari mai suna asetil a kan laisin, cajin ya mutu, riƙon ya sassauta. HDAC ya biyo baya ya cire asetil ɗin, wurin ya sake matsewa. Akwai kuma masu liƙa metil da masu cire shi. Tun 1964 Vincent Allfrey a Rockefeller ya yi hasashen waɗannan alamomi suna da hannu a wace ƙwayar gado za ta yi magana, amma sai 1996 aka kama enzayim ɗin da hannu: David Allis ya fito da HAT daga wata ƙaramar halittar ruwa mai suna Tetrahymena, Stuart Schreiber a Harvard ya fito da HDAC1. Shekara 32 ke nan ana jira.

Alhaji Mai Canji:
Madalla. To ina hasken ya shigo?

Malam Na-Yaba:
Kai ma kana aiki da shi kullum. Wannan fitilar da kake haska dala da ita fa?

Alhaji Mai Canji:
Af! Ta duba jabu? Ai in ka sa dala 100 a ƙarƙashinta zaren cikin sai ya koma ruwan hoda, na dala 20 kore, na 50 rawaya. In bai kama ba ka mayar wa mai ita abarsa.

Malam Na-Yaba:
Shi ke nan ka gama karatun. Sinadarin da ke zaren yana shan hasken da idonka ba ya gani, ya mayar da wani launi mai ƙarancin ƙarfi wanda kake gani. George Stokes ya yi bayaninsa a 1852 da ruwan kwinin. Mu ma irin wannan sinadari muke ɗaura wa abincin enzayim, mu tsara shi yadda ba zai haska ba sai enzayim ya yi aikinsa.

Hajiya Mai Lab:
Salamu alaikum, yanzu na fito daga go-sulo na Ikorodu Road. Ƙanwata, zuciyarki ta fi malaminki gaskiya, Allah ya huci zuciyarsa. Bari in tuna miki abin da ke cikin kwalbar nan taki. Laisin ne guda, an toshe kansa da asetil, an ɗaura masa rini mai ƙyalli da ake kira AMC. Muddin AMC yana ɗaure, na'ura ba ta ganin wani hasken kirki. Mataki na farko HDAC ya cire asetil. Mataki na biyu ki zuba ruwan da ke ɗauke da tiripsin, enzayim mai yanka furotin, shi kuma ba ya yanka sai a bayan laisin da aka riga aka cire wa asetil. Ya yanke, AMC ya kuɓuta, na'ura ta haska shi a wajen nanomita 360 zuwa 380, ya mayar da shuɗi a wajen 460.

To duba da kyau. Na'urar ba ta taɓa ganin HDAC ba, AMC kawai take gani. Tsakanin HDAC da lambar da ta fito miki akwai tiripsin, akwai hasken da ya shiga, akwai wanda ya fito. Duk wanda tsiminki ya taɓa a cikinsu, lambar za ta faɗi, ke kuma ki rubuta an hana HDAC aiki.

Sai ki ɗauki bagaruwa. Me ya sa majema ke jiƙa fata da ita? Saboda tanin da ke cikin kwanson yana cafke furotin ya daskarar da shi. Tiripsin furotin ne, HDAC furotin ne, tanin ba ya tambayar suna. Marke ma cike yake da tanin. Zoɓo kuma launinsa kaɗai ya isa ya shanye wani ɓangare na hasken kafin ya kai idon na'ura. Ni da kin ce min bagaruwa ba ta rage hasken ba, da nan ne zan yi mamaki.

'Yar Agege:
Innalillahi. Hajiya to yaya zan raba su?

Hajiya Mai Lab:
Da farantin da kike da shi, ba sai kin sayi na'ura ba. Ki zuba tsimin shi kaɗai a gurbi, ba enzayim ba komai, ki karanta, ki ga ko shi da kansa yana ƙyalli. Sannan ki ɗauki AMC tsagwaronsa, wanda aka ba ki don zana layin awo, ki zuba adadi ɗaya a gurbi mai tsimi da gurbi marar tsimi. In na mai tsimi ya fi duhu, shan haske ne, enzayim ba ruwansa. Na tiripsin kuma ki nemo abincin da babu asetil a kansa tun asali, ki ba tiripsin shi a gaban tsimin. Nan babu HDAC ko ɗigo, in haske ya faɗi kin san wanda aka kama.

Farantinki baƙi ne ko? Kada ki ce min garau irin na ELISA kike amfani da shi, haske yana tsallakawa gurbin maƙwabta. Kuma layin gefe ki cika shi da ruwa kawai. Zafin Legas in an ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, gurbin gefe su ke fara ƙafewa.

'Yar Agege:
Baƙi ne Hajiya. Amma layin gefe kam na yi amfani da shi saboda faranti ya yi tsada.

Ɗan Zariya:
Da izinin manya. Ni a ganina matsalar tun daga tushe ce, wannan gwaji na AMC ya tsufa, ya haura shekara 20. Duniya ta wuce nan. Yanzu ana ɗaura guntun jelar histon a kan ɗigon kwantam, waɗannan ƙananan lu'ulu'u masu ƙyalli da aka ba Bawendi, Brus da Ekimov kyautar Nobel a kansu a 2023. Enzayim ya yi aikinsa, antibodi mai ɗauke da rini ja ya zo ya kama wurin, in ka haska ɗigon sai ya miƙa ƙarfinsa ga rinin. Wannan miƙawar ita ce FRET, kuma ba ta yiwuwa sai su biyun sun kusanci juna ƙasa da nanomita 10. Sai ka zauna a madubin ƙara girma kana ƙirga jajayen ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Wasu ma suna haɗawa da dabarun ninka DNA ko CRISPR, aiki ɗaya na enzayim ya haifar da hasken rini masu yawa. Mu kuma muna nan muna fama da tiripsin. Sai yaushe za mu taka sahun mutane?

Malam Na-Yaba:
Ɗana, duk abin da ka faɗa akwai shi, na karanta irinsu da yawa. Amma tambayi kanka, ciwon yarinyar nan ƙarancin haske ne? Haskenta ya ishe ta har ya yi yawa. Abin da ba ta sani ba shi ne wane ne ya rage shi. In ka ba ta hanyar da ta ninka wannan kaifin gani sau 1000, tanin zai cafke antibodin naka kamar yadda ya cafke tiripsin, kuma duk dabarar ninkawa tana ninka ƙarya daidai da yadda take ninka gaskiya. Kowane enzayim da ka ƙara a layi, ka ƙara ƙofar da tsimi zai shigo.

Kaifin gani yana da gurbinsa, ba na musu. Wanda ke da 'yar tsokar da aka ciro da allura daga kumburi, ko ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro 'yan kaɗan, shi yake buƙatar ganin abu kaɗan. Sai dai ka lura, yawancin waɗannan ƙananan lambobi da ake alfahari da su a takardu, a ruwa mai tsabta aka same su da enzayim da aka tace. Zuba jini ko markaɗen sel ka ga yadda labari ke sauyawa.

Ɗan Zariya:
Malam na yarda da rabi. Amma akwai wadda ta magance ƙyallin tsirrai kai tsaye, wato FRET mai jinkiri. Rini na yau da kullum, har da na ganye, haskensa yana mutuwa cikin nanosakan kaɗan bayan an kashe fitila. Yurofiyam da tabiyam kuwa suna ci gaba da haskawa har kusan milisakan. Sai na'ura ta haska, ta ɗan dakata kamar maikurosakan 50 zuwa 100, duk hayaniyar ta mutu, sannan ta karanta. Kuma ana karanta launi biyu, wajen 620 da 665, a raba ɗaya da ɗaya, wannan yana rage illar shan haske. Ba tiripsin a ciki. Wannan ai ba mafarki ba ne, kamfanonin magani da shi suke tace dubban sinadarai.

Hajiya Mai Lab:
Wannan kam ka faɗi gaskiya, kuma da ina da ita da ita zan yi aiki. Amma je ka duba na'urorin karanta faranti da ke ɗakunan gwajinmu, nawa ne ke iya wannan dakatawar? Yawanci launi kawai suke karantawa, masu ƙyallin ma tacewarsu biyu ce ko uku. Sannan antibodin sai ya zo cikin sanyi. Mun taɓa yin odar enzayim daga waje, ya kwana kwanaki ana jiran takardu, busasshiyar ƙanƙarar ta ƙare, muka karɓi kwalba mai kyau da ruwa marar amfani. Shi kuma ƙirga ɗigo ɗaya ɗaya da kake so, madubin yana son tebur da ba ya motsi. Namu ɗakin in janareto ya tashi har gilashin taga rawa yake.

Kuma jinkirin bai hana tanin cin furotin ba, wannan yana nan daram.

Mai Unguwa:
Ɗan Zariya a sha ruwa, Hajiya ta ajiye maka nauyi.

Malam Na-Yaba:
Bari in ba ku labarin da nake ba kowane ɗalibi kafin ya taɓa faranti, don kada 'Yar Agege ta ɗauka abin na masu ƙaramin ƙarfi ne. HDAC a jikin mutum 18 ne. 11 suna aiki da zinki, 7 kuma su ne satuwin, masu buƙatar wani sinadarin sel da ake kira NAD. A 2003 aka buga a mujallar Nature, da sunan David Sinclair na Harvard a ciki, cewa resberatirol, wani sinadari da ke fatar inabi, yana ƙara wa SIRT1, ɗaya daga cikin satuwin, ƙarfin aiki. Da yake ana danganta satuwin da tsawon rai a yis da wasu ƙananan halittu, duniya ta ɗauka. Aka kafa kamfani mai suna Sirtris, a 2008 GlaxoSmithKline ta saye shi kan dala miliyan 720.

To gwajin da aka fara ganin abin da shi, ɗan'uwan wanda ke hannun ƙanwarku ne, guntun furotin mai asetil da aka ɗaura wa rini mai ƙyalli. A 2005 ƙungiyoyi biyu suka nuna cewa in ka cire rinin ka ba enzayim ɗin guntun ba ado, ƙarin ƙarfin ya ɓace. A 2010 masu bincike na Pfizer suka zo da irin wannan sakamako a kan wasu sinadaran Sirtris. Ashe rinin ba ɗan kallo ba ne, yana cikin wasan. Don adalci, a 2013 ɓangaren Sinclair sun mayar da martani cewa wasu furotin na jiki suna da amino asid masu gudun ruwa a daidai inda rinin ke zama, kuma a kan irin waɗannan ana ganin ƙarin. Har yau akwai masu ja. A shekarar ce kuma aka rufe ofishin Sirtris.

Waɗannan mutane ba wuta ake ɗauke musu ba, na'urorinsu kuma ba na aro ba ne.

Alhaji Mai Canji:
Dala miliyan 720! Malam ka bar lissafin nan, na fara juya shi zuwa naira kaina ya yi zafi.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ba 'yar boko ba ce sosai. Ɗana yana da sikila. Na taɓa ji a nan gidan an ce irin wannan binciken yana da alaƙa da ita. In bagaruwa tana aikin nan, in dinga jiƙa masa?

Dakta Idi-Araba:
Yaya, don Allah a'a. Kada ki ba shi. Babu wanda ya nuna tana yi, kin ga ma muhawarar da ake yi kenan, kuma ko da ta yi a faranti, faranti daban cikin yaro daban. Tanin mai yawa yana hana hanji shan ƙarfen abinci, yana kuma iya ɓata ciki.

Alaƙar da kika ji gaskiya ce. Jariri a ciki yana da nasa irin himogulobin, bayan haihuwa jiki ya rufe ƙwayar gadonsa ya buɗe ta manya, wadda ita ce ke da matsalar a sikila. Shi ya sa ciwon ba ya cika bayyana a watannin farko. Cikin masu riƙe wannan ƙofa a rufe akwai HDAC1 da HDAC2 da wani mai cire metil da ake kira LSD1. A shekarun 1990 an gwada butiret a kan marasa lafiya don a sake buɗe ta, an kuma ga masu hana LSD1 aiki suna ɗaga himogulobin jarirai a gwajin dabbobi. Amma maganin da ke hannu, wanda aka tabbatar yana ɗaga shi yana rage yawan tashin ciwo, shi ne haidiroksiyuriya, kuma likitansa ne zai auna masa yana duba jininsa. Ki yi masa maganar a asibitin da kuke zuwa.

Uwar Biyu:
Na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. Yana shan shi ma, na ɗauka ko akwai ƙari.

Dakta Idi-Araba:
Amin. Ki riƙe shi, da ruwa da gidan sauro.

Tunda na shigo, in ƙara wa 'Yar Agege ƙarfin gwiwa, fagen da ta shiga ba na wasa ba ne. Borinostat ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2006 don wani kansar jini da ke fitowa a fata, romidefsin ya biyo a 2009, kuma shi daga ƙwayar bakteriya aka samo shi. Tirikostatin ɗin da take sawa a gurbin shaida ma daga bakteriyar ƙasa ya fito, Minoru Yoshida a Japan ya nuna a 1990 cewa HDAC yake kamawa. Ko balfuret da muke rubuta wa masu farfaɗiya, a 2001 aka gano yana taɓa HDAC, kuma magani ne da muke kaffa-kaffa da shi ga mai ciki saboda yana iya nakasa jariri. Taɓa waɗannan enzayim ba kamar shan shayi ba ne.

Ɗan Zariya:
Ga zazzaɓin cizon sauro ma. Ƙwayar falsifaram tana da ƙwayoyin gado wajen 60 da ake kira var, ɗaya kawai take buɗewa a lokaci guda, sauran ta rufe su da alamomin histon, in garkuwar jiki ta gane wannan sai ta sauya wani. Najeriya ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar a duniya. In ba mu koyi hanyoyin zamani na auna enzayim ɗinta ba, wa zai yi mana? A nan fa samfurin kaɗan ne, Malam da kansa ya faɗa.

Malam Na-Yaba:
A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ka kawo wannan aikin mu zauna.

'Yar Agege:
Malam, tunda an ambaci LSD1, da na yi niyyar in HDAC ya ƙi in koma kansa. Na ga shi ma akwai na ƙyalli, kuma babu tiripsin.

Malam Na-Yaba:
Gudun gara kenan. LSD1, wanda Yang Shi ya gano a 2004, in ya cire metil daga laisin na 4 a jelar H3 yana fitar da fomaldihaid da haidirojin feroksaid. Gwajin da kika gani feroksaid ɗin yake kamawa: a sa wani enzayim na tsiro, HRP, da rinin Amplex Red, su mayar da shi resorufin mai haskawa a wajen 590. Yanzu faɗa min, me ake yabon zoɓo da marke da shi a kowace takarda? Kashe irin su feroksaid. Za su shanye shi kafin ya isa rinin, ko su tsayar da HRP, LSD1 yana can yana aikinsa lafiya lau ke kina murna.

Na HAT ma da nasa. Shi CoA, sinadarin da ke kawo wa HAT asetil, da ya rage bayan an ɗauke asetil ɗin ake kamawa ta wurin salfa ɗinsa, da rini irin CPM. Duk wani abu mai irin wannan salfa a ruwanki zai haska, har DTT da ake zubawa don kare enzayim. Kowace hanya da ƙofar da ake shigo mata. Kurkum ma an buga cewa yana hana wani HAT mai suna p300 aiki, alhali shi kansa rawaya ne mai ƙyalli, kuma ya yi suna wajen fitowa a kusan kowane gwaji aka sa shi.

Tela Obalende:
Ni tambayata, kafin a samo wannan hasken da me ake yi?

Hajiya Mai Lab:
Da sinadari mai tururin nukiliya, Malam Tela. A sa tiritiyam a jikin asetil, enzayim ya liƙa shi a histon, a ɗiga a wata takarda mai riƙe histon, a wanke, a ƙirga tururin da ya rage. Gaskiya ta fi kusa da abin da ke faruwa a jiki, don histon na ainihi ake ba shi ba rini a jikinsa, kuma launin ganye bai cika damunta ba tunda ana wankewa. Amma sai da lasisi, sai da wurin zubar da shara na musamman, ga jinkiri. Ƙyalli ya zo ya sauƙaƙa, mutum ɗaya ya karanta gurbi 96 ko 384 kafin shayinsa ya huce. Na yi zamani da masu waccan hanyar, ba su da sauri amma ba su cika jin kunya ba.

Ɗan Zariya:
Hajiya yanzu kuma baya za mu koma?

Hajiya Mai Lab:
Wa ya ce? A tace da ƙyalli, a tabbatar da wata hanyar da ba ta dogara da haske iri ɗaya ba. Na'urar rarrabe sinadarai ta HPLC na nan, ta raba mai asetil da marar asetil ka gan su ƙuru-ƙuru. Ko a zuba tsimin a kan sel masu rai, a fasa su, a duba da antibodi ko asetil ya taru a H3. In HDAC aka tsayar da gaske, dole ya taru.

'Yar Agege:
Salam jama'a, na dawo da rahoto. Na yi duk abin da Hajiya ta ce, na bar layin gefe da ruwa. Zoɓo ya rage hasken AMC ko da babu enzayim ko ɗaya a gurbin. Bagaruwa da marke sun tsayar da tiripsin a kan abincin da ba shi da asetil, gurbin bagaruwa ma da na ɗaga farantin a fitila na ga ya yi dishi-dishi kamar wani abu ya kwanta a ƙasa. Sabara ce ta rikita ni. Ita kaɗai ba komai tana ba da haske a 460, ba kaɗan ba. To in na cire nata hasken daga lissafi, faɗuwar da na gani da farko ta ƙaru ke nan, amma ban san ko in yarda da ragowar ba.

Malam Na-Yaba:
Dishi-dishin nan furotin ne tanin ya kwantar, da idonki kika ga jima. Sabara kuwa an samu harman a cikinta, dangin sinadaran da ke ƙyallin shuɗi, daidai unguwar AMC. Kuma ita ma tana da nata tanin. Kada ki yarda da ragowar, kada kuma ki jefar da ita. Lamba babba a cire lamba babba, abin da ya rage kuskuren bututun awonki ma zai iya haifar da shi. Da wannan gwajin ba za ki iya cewa eh ko a'a a kanta ba.

Wani abu kuma, enzayim ɗinki daga ina? In markaɗen cibiyar sel na HeLa ne, wato sel ɗin kansar mutum da ake rainonsu a ɗakin gwaji, taron HDAC ne a ciki, kuma wannan abincin HDAC1, 2, 3 da 6 ne suka fi cinsa. Su 4, 5, 7 da 9 da kyar suke taɓa shi. Ki rubuta abin da kika auna, kada ki ce HDAC gaba ɗaya.

'Yar Agege:
Na HeLa ne Malam. Damuwata yanzu malamina. Yana son tebur mai nuna tsirrai huɗu sun yi aiki.

Ɗan Zariya:
Ki kai masa FRET mai jinkiri a kan sabara, harman ba zai kai maikurosakan 50 yana haskawa ba. Na san inda za a tambaya ko na'urarsu tana yi.

Malam Na-Yaba:
Ka ga a nan shawararka ta zauna daidai, tambayo mana. Ke kuma ki kai wa malaminki farantin shaidar tare da na farkon, ki ajiye su gefe da gefe, ki bar shi ya faɗa da bakinsa. Babi guda a kan yadda tsirran kasuwarmu ke ruɗar wannan gwaji ya fi amfani ga ɗalibin da zai zo bayanki, don na san akwai masu shirin zuba zogale da namijin goro a faranti irin naki.

Alhaji Mai Canji:
In fitilata za ta yi amfani a duba sabarar nan, tana nan a shago.

Hajiya Mai Lab:
Za ta nuna shuɗin kam Alhaji, amma ba za ta ba da lamba ba. Ƙanwata, ina da ragowar PVPP, garin da ke janye tanin daga tsimi. Ki wuce da bagaruwa, marke da sabara ta cikinsa, ki maimaita gwajin tiripsin, in ya dawo daidai sai ki koma kan HDAC. Ki kuma sa ɗigon Triton, kashi 0.01 cikin 100, a ruwan gwajin saboda sinadaran da ke dunƙulewa su manne wa enzayim. Ranar Asabar ina Yaba har azahar, ki zo ki same ni. Tsimin ki kawo shi a bushe, kada ki narkar da shi a ruwan narkarwa na DMSO tukuna. Enzayim ɗin kuma ki bar shi a firiza, ki rarraba shi ƙananan kwalabe yadda ba za ki dinga narkar da uwar kwalbar kullum ba.